GOCEWAR ƘASHIN BAYA: KALMA ƊAYA TSAKANIN MAƊORI, LIKITA DA MAFASSARI

Gabatarwa

Da wuya a raba ɗalibin harshe da aikin fassara. Da yawa daga cikinmu, idan Allah Ya sa mun kammala, gidajen rediyo za mu nufa, ko jaridu, ko ƙungiyoyin da ke wayar da kan jama'a a kan kiwon lafiya. A can za a riƙa miƙo mana takarda da Turanci a ce mu mayar da ita Hausa kafin lokacin labarai. Abin da muka rubuta shi ne manomi a Liman Katagum ko ɗan dako a kasuwar Muda Lawal zai ji, kuma da shi zai yi aiki a jikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauko batun da wani zai ce na ɗaliban likitanci ne.

Maƙalar za ta dubi furuci ɗaya, wato "gocewar ƙashin baya". Akwai wata hanyar magani da ta samo asali daga Amurka, ana kiranta kairofaraktik, wadda tushen koyarwarta shi ne cewa ɗan karkacewar gaɓoɓin ƙashin baya na haifar da cututtuka a sauran jiki, kuma idan aka danna su da hannu suka koma wurinsu lafiya za ta dawo. Ba sana'a ce da muka saba gani a Bauchi ba. Amma bidiyoyinta sun cika wayoyinmu, inda ake murɗa wuyan mutum a ji ƙas, kuma masu bayani da Hausa kan kira abin da ake gyarawa "gocewar ƙashi". Ina ganin wannan fassara ta ba wa wannan ra'ayi nauyin da bai kai ba, kuma zan yi ƙoƙarin nuna dalili ta fuskar nahawu da ma'ana, da kuma abin da binciken likitoci ya tabbatar.

Yadda Bahaushe ya rarraba bayansa

Kafin mu je Amurka, bari mu fara da gida. "Baya" kalma ce mai faɗi: tana nufin sashen jiki, tana nufin wuri, tana nufin lokaci. Daga gare ta muka sami goyon baya da juya baya da koma baya da ba da baya. Idan Bahaushe yana son ya taƙaita ga jiki sai ya ce gadon baya, wato shimfiɗar nan daga kafaɗu zuwa ƙugu. A tsakiyarta ƙashin baya yake. Can ƙasa akwai kwankwaso, akwai ƙugu, akwai tsatso. Ita kalmar tsatso ta bar jiki ta koma nasaba, shi ya sa ake cewa wane daga tsatson wane ya fito. Idan bayan ya tanƙwara daga sama a ce doro, idan ya yi tozo sosai a ce ƙusumbi.

Masana ƙirar jiki sun ƙidaya gaɓoɓi 33 a ƙashin baya: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya a tsakiyar ƙugu, da wasu 4 ƙanana a can ƙarshe. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke aiki kamar matashi. Na zaɓi kalmar "gaɓa" da gangan, domin duk wanda ya taɓa shan rake ya san yadda gaɓa ke bin gaɓa, kuma mu ɗaliban harshe da ita muke kiran yankin kalma. Larabawa ma haka suka yi: kalmar da suke kiran gaɓar ƙashin baya da ita, fiƙra, da ita suke kiran sakin layi a rubutu. Malaman lugga na Larabci sun ce daga wannan saiwa aka sami faƙiri, wato wanda rashi ya karya wa ƙashin baya. Ke nan mun ari kalmar faƙiri daga Larabci ba tare da mun lura cewa ƙashin baya ne a cikinta ba.

Kalmomi biyu ne suka fi muhimmanci ga batunmu, laka da jijiya. Laka ita ce farar igiyar nan mai taushi da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. Kada a rikita ta da laka ta taɓo, wadda wasalinta na farko dogo ne. Bahaushe ya san aikin laka tun kafin zuwan asibiti, domin idan ya ga mutum jiki a sake sai ya ce kamar ba shi da laka. Mahauci ma ya san cewa laka daban, ɓargo daban. Daga jikin laka ne jijiyoyi ke fita ta ƙananan kafofi tsakanin gaɓoɓi, dama da hagu, har tagwaye 31.

Matsalar tana wajen jijiya. Da wannan kalma ɗaya muke kiran hanyar da jini ke bi, da igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Abubuwa uku ne da ba su haɗa aiki ba. Don haka idan aka ce wa Bahaushe "ƙashi ya danne maka jijiya", zai iya fahimtar cewa jini ne ya daina gudu, ko wata igiya ce ta ɗaure, ko saƙo ne ya yanke. Jimlar za ta shige shi ta kowace ƙofa, ba tare da mai maganar ya bayyana wadda yake nufi ba. A sauran wannan maƙala zan riƙa cewa jijiyar jini, jijiyar tsoka, da jijiyar saƙo.

Gota da goce

Yanzu ga nahawu. Saiwar kalmar ita ce got-. A giredi na 1 na tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960 muna da "gota", kamar a ce rana ta gota, ko ƙarfe biyu ta gota. Ma'anar a nan ita ce matsawa kaɗan daga inda ake. A giredi na 4 kuwa, wasalin ƙarshe ya koma -e, sai ganɗantawa ta mayar da t zuwa c, muka sami "goce". Mun sani cewa giredi na 4 na ɗauke da ma'anar cikar aiki ko rabuwa ɗungurungum. Dubi 'yan'uwansa: karye, tsinke, ɓalle, tsage, zame, gurɗe. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna abu kaɗan. Abin da ya goce ya bar mazauninsa.

Haka maɗori yake amfani da kalmar. A wurinsa akwai karaya, akwai tsagewar ƙashi, akwai targaɗe, akwai gocewa, kuma kowanne da yadda ake gane shi. Idan kafaɗar ɗan kokawa ta goce, ido zai gani: kafaɗar ta sauya kama, hannun ba ya ɗaguwa, mutumin yana gumi don azaba. Idan aka mayar da ita, shi da kansa zai ji ta koma. Sunan mai sana'ar ma darasi ne a ƙirar kalma: aikatau "ɗora", sunan aiki "ɗori", sai ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i suka ba mu maɗori, jam'i maɗora. Ɗori sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, har da sarautarta, kuma jama'a sun yarda da ita domin abin da take gyarawa abu ne da ake gani ana taɓawa. Duk wanda ya ari kalmar "gocewa" ya ari wannan yarda tare da ita.

Gaɓoɓin ƙashin baya kuwa ba kamar kafaɗa suke ba. Jijiyoyin tsoka masu ƙarfin gaske sun ɗaure su gaba da baya. Kafin gaɓa ta goce a ma'anar maɗori, sai an yi mummunan haɗari, kamar faɗowa daga bishiya ko kifewar mota, ko kuma wata cuta ta daɗe tana cin ƙashin. Wanda hakan ta same shi ba ya zuwa wurin mai magani da ƙafarsa yana hira.

Abin da Palmer ya koyar

Daniel David Palmer an haife shi a Kanada a 1845, ya koma Amurka, ya yi koyarwa da kiwon zuma da sayar da kayan masarufi, daga baya ya shiga warkarwa da abin da ake kira ƙarfin maganaɗisu. A watan Satumba na 1895, a garin Davenport na jihar Iowa, ya ce ya danna wata gaɓa a saman bayan wani mai kula da ginin da yake aiki, mai suna Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya gina koyarwarsa. Wani limamin coci, Samuel Weed, ya taimaka masa da suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin hannu, ɗaya na nufin aikatawa. Wato dai "aikin hannu". Ya buɗe makaranta a 1897, an ɗaure shi na ɗan lokaci a 1906 saboda yin magani ba lasisi, ya rasu a 1913, ɗansa B. J. Palmer ya ci gaba da yaɗa sana'ar.

Palmer ya koyar da cewa akwai wata basira ta halitta da ke gudana daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiyoyin saƙo zuwa kowane sashe na jiki. Idan gaɓar ƙashin baya ta ɗan karkace sai ta tare wannan gudu, sashen da abin ya shafa ya kamu da ciwo. Har ya ce kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga nan suke. Kalmar da ya yi amfani da ita, sablakseshan, daga Latin take: ɓangaren farko na nufin "ƙasa da", na biyu na nufin fitar gaɓa daga mazauninta. Ma'anarta ke nan "abin da bai kai gocewa ba". Ashe kuwa idan muka fassara ta da "gocewa" mun yar da rabin kalmar, kuma rabin da muka yar shi ne mai rage mata ƙarfi. Da "gotawa" muka ce da mun fi kusa.

Akwai wani ƙarin ruɗani. Likitocin asibiti ma suna amfani da wannan kalma ta Latin, amma su suna nufin gaɓar da ta fita rabi daga mazauninta, wadda hoton ƙashi ke nunawa ƙarara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojin horar da masu kairofaraktik da ta fitar a 2005, sai da ta ja hankali cewa ma'anar likitoci daban take da ta masu wannan sana'a. Kalma ɗaya a Turanci, ma'ana biyu; mu kuma muka zo muka ɗora mata ta uku, ta maɗori.

Me bincike ya nuna?

Labarin Lillard kansa yana da tangarɗa, domin jijiyar da ke kai saƙon ji tana tafiya daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa ne a cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta ƙashin baya ko kaɗan. Haka nan wata babbar jijiyar saƙo da ke kula da bugun zuciya da motsin hanji daga ƙwaƙwalwa take saukowa ta wuya, ba ta kafofin ƙashin baya ba. A 1973 wani masanin ƙirar jiki na Jami'ar Yale, Edmund Crelin, ya gwada murɗawa da danne ƙasusuwan baya na gawarwaki da na'ura, ya ga kafofin ba sa matse jijiyoyin sai an kai ƙarfin da zai karya ƙashin. A 2010 kuma hukumar da ke kula da masu kairofaraktik a Birtaniya da kanta ta bayyana cewa babu hujjar bincike da ke nuna wannan karkacewa na haifar da cututtuka. Shi ya sa masu sana'ar suka kasu: wasu na riƙe da koyarwar Palmer, wasu sun taƙaita aikinsu ga ciwon baya da wuya da gaɓoɓi.

Ƙarar nan ta "ƙas" da ke burge masu kallo fa? Ba ƙashi ne ke komawa wurinsa ba. Kumfar iska ce ke samuwa a cikin ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi idan aka ja su, irin dai wadda muke ji idan muna lanƙwasa yatsu. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton faruwar hakan a yatsa a 2015.

Wannan ba ya nufin a ce dannar baya da hannu ba ta da amfani. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna tana rage ciwon kwankwaso gwargwadon yadda motsa jiki da gashin ƙashi suke ragewa, ba ta fi su ba, ba ta kuma gaza su sosai ba. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, an sa ta tare da tausa da motsa jiki cikin abubuwan da za a iya yi, aka kuma hana dogaro da ɗamarar baya da jan ƙashin baya da na'ura da magungunan kashe zafi masu sa maye. Ga asma ko hawan jini ko ciwon kunne ko kukan jarirai kuwa, ba a sami hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba. Murɗa wuya da ƙarfi ma an danganta shi, ko da yake ba kasafai ba, da yagewar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Wani abin da ya kamata mafassari ya sani shi ne, hoton baya ba ya faɗin komai shi kaɗai. Wani nazari na 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, ya tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan guringuntsinsu ya fara lalacewa, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Wato kamar furfura ce ta cikin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wani ƙashi ko wata jijiya a ce ga mai laifin.

Shari'ar kalma ɗaya

Ga wani labari da zai yi wa ɗaliban ilimin ma'ana daɗi. A Afrilun 2008 wani marubucin kimiyya, Simon Singh, ya rubuta a jaridar Guardian ta Ingila cewa ƙungiyar masu kairofaraktik ta Birtaniya na tallata magani ga cututtukan yara ba tare da hujja ba. Siffar da ya yi amfani da ita ita ce wadda Hausa ta ara ta zama "bogi". Ƙungiyar ta kai shi ƙara. A 2009 alƙali ya yanke cewa kalaman nasa na nufin ƙungiyar ta san maganin na ƙarya ne take tallata shi, wato zargin yaudara da gangan. Singh ya ce shi abin da yake nufi maganin ba shi da hujja, bai ce sun sani ba. A Afrilun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kalamansa ra'ayi ne da doka ta ba shi damar faɗa, ƙungiyar ta janye ƙarar. Shekara biyu ana shari'a a kan ma'anar siffa ɗaya. Ku gwada da Hausa: idan na ce "maganin bogi", mai sayarwar nake zargi ko maganin? A kunnena, takardar bogi da likitan bogi duk suna ɗauke da niyyar cuta. Don haka ni ba zan kira kairofaraktik bogi ba, domin da yawa daga masu yin ta sun yi imani da abin da suke yi. Zan ce dai da'awarta ta fi hujjarta yawa.

Mu dawo Bauchi

Tunanin cewa cuta duka tushenta ɗaya ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar masu tallar magani da lasifika a kasuwa ko tasha ya ji yadda ake jera ciwon baya da kasala da jiri da raunin mazakuta, a ɗora su duka a kan basir, ko a kan sanyi. Abin da basir yake a bakin mai talla, shi karkacewar gaɓa take a koyarwar Palmer: suna ɗaya da ke haɗiye kowace alama. Irin wannan bayani yana da daɗin ji domin yana da sauƙi. Illarsa ita ce yana rufe bakin tambaya.

A unguwarmu an yi wani yaro, ɗan shekara goma sha, da ya fara kukan baya, yana ramewa, yana zazzaɓi da gumi da dare. Aka ce basir ne, aka ba shi jiƙo. Aka ce sanyi ne. Da wani ɗan ƙulli ya fito a tsakiyar bayansa, sai aka ce ai ƙashi ne ya goce, aka kai shi wurin mai tausa ya riƙa dannawa. Sai da ƙafafunsa suka fara nauyi aka kai shi asibiti, inda aka gano tarin fuka ne ya ci gaɓoɓi biyu na bayansa har suka rufta. Ya sha magani ya tashi, amma doron ya zauna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowa a gidan ya yi abin da ya dace da sunan da aka ba ciwon. Wanda aka ce ƙashinsa ya goce, ai mayarwa ake yi.

Wannan cuta wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta a 1779, kuma har yau ana kiranta da sunansa. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, gwaji da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma na ƙashin baya yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda ana shan magani. A nan ma harshe na da hannu: mun sa wa cutar suna "tari", ga shi kuwa mai tarin fuka na ƙashi yana iya zama ba ya tari ko sau ɗaya. Mafassarin da ya ce "tarin fuka" ya yi shiru bai gama aikinsa ba, sai ya ƙara da cewa ƙwayar cutar na iya kama ƙashi ba tare da tari ba.

Wuri na biyu da kalma ke iya kashewa ko rayawa shi ne bakin titi. Hanyoyin da suka fita daga Bauchi zuwa Jos da Gombe da Ningi da Darazo ba sa rabuwa da haɗari, ga kuma babura a cikin gari. Jama'armu akwai tausayi. Kafin ka ce kwabo an ciccibi wanda ya faɗi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, a naɗe shi a bayan mota. Idan gaɓar wuya ko ta baya ta karye, wannan ciccibar ce kan sa ƙashin ya yanki laka, kuma laka idan ta yanke ba ta ɗoruwa. A nan ne gocewa ta gaskiya take, kuma a nan ne bai kamata kowa ya gwada mayarwa ba. Abin da ake so shi ne a riƙe kai da wuya kada su motsa, a kwantar da mutumin a miƙe a kan abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa, a nufi asibiti da shi. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe tun 1959.

Ba ina rena ɗori ba ne. A Birtaniya ma, Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban likitancin ƙashi na ƙasar, daga gidan maɗora ya fito, ya haɗa gadon gidansu da karatun likita. Maɗorin da ya san iyakarsa, ya ga raunin baya ya ce wannan ba nawa ba ne, ya cika gwani.

To, yaya za mu fassara?

Shawarata ita ce mu bar "gocewa" a inda Bahaushe ya ajiye ta, wato ga gaɓar da ta bar mazauninta har ana iya gani a ido ko a hoto. Abin da likita ke nufi da fita rabi, mu ce "gotawar gaɓa". Abin da mabiya Palmer ke nufi kuwa, kada mu ba shi suna kai tsaye kamar abu ne tabbatacce. Mu ce "abin da masu kairofaraktik ke kira karkacewar gaɓa". Hausa na da kayan aikin nesanta mai magana daga da'awa, irin su "wai" da "in ji" da "a cewar", kuma ba don ado aka yi su ba. Ita sana'ar, ana iya Hausantar da sunanta kamar yadda na yi, ko a ce "dannar ƙashin baya da hannu". Ban so a ce "gyaran ƙashin baya", domin gyara na nuna an riga an yarda akwai abin da ya ɓaci. Ban kuma so a kira mai yin ta "likitan ƙashi", domin wannan suna na likitan tiyata ne irin na Dala. A Nijeriya, hukumar da aka kafa a 1988 don yi wa masu gashin ƙashi rajista ita ce doka ta ɗora wa kula da masu kairofaraktik, saboda haka mai sauraro na da damar tambayar duk wanda zai taɓa masa baya ko yana da rajista.

Haka kuma duk sanarwar da za mu fassara a kan ciwon baya, ya kamata ta fito da alamomin haɗari da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, ba tare da kunya ta sa mun lulluɓe su ba. Idan fitsari ko bayan gida ya riƙa zubowa ba a sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita. Idan tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba a jin taɓi. Idan ƙafa ta fara ja ko ta yi nauyi. Idan ciwon na tare da zazzaɓi da rama, ko yana hana barci ko an kwanta. Idan ya biyo bayan faɗuwa. Ko kuma dattijo ne da ke fama da matsalar fitsari, to asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Alamomin farko na nuna an matse tarin jijiyoyin saƙo da ke ƙasan laka, waɗanda likitoci ke kira da Latin "wutsiyar doki" saboda kamarsu, kuma sa'o'i kaɗan na iya raba mai warkewa da mai zama a keke. Ga sauran ciwon baya na yau da kullum, irin na ɗan dako da tela da mai daka da ɗalibin da ya wuni a kan benci, saƙon shi ne yawancinsa na lafawa cikin 'yan makonni, kuma ci gaba da motsi ya fi kwanciya.

Aikin da nake ba 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala karatu, shi ne mu fita da littafi da rikoda. A je kwata a tambayi mahauta sunan kowane yanki na bayan sa da na rago, daga wuya har wutsiya, da abin da suke kiran gaɓa guda ɗaya da faifan da ke tsakani. A je wurin maɗora da wanzamai da ungozomomi a ji yadda suke bambanta targaɗe da gurɗewa da gocewa, da kuma raunin da suke cewa ba sa taɓawa. A gwada abin da aka samu da ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, a fitar da abin da Bausanci da Guddiranci suka keɓanta da shi. Wanda yake jin Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci ko Geranci ya tambayo dattawansu, ko su ma kalma ɗaya suke da ita ga jijiyar jini da jijiyar saƙo.